Thuza Ta Zo Neman Mek

Daw Pyone ta riƙe haɓar Thuza ta ɗago mata fuska kamar mai shirin ɗura wa yaro magani.

"Sake faɗa. Ki buɗe baki, ba da sauro kike magana ba."

"Ma ha," in ji Thuza.

"Ma ha wa? Kifi? Ƙanƙara? Ki ɗora sunan a baya mana."

"Ma ha Mek."

Tsohuwar ta ce iyakar abin da take buƙata ke nan a harshen Thai: na zo neman Mek. Duk inda ta shiga ta haɗa hannu ta yi gaisuwa, ta faɗi wannan, ta ja bakinta ta bar su da sauran maganar. Ta kuma koya mata kalmar miji, amma ta ce ta ajiye ta sai in ta kama dole. Suna tsaye ne a bayan rumfar da suke ɓare jatan lande a garin Mahachai na ƙasar Thai, ruwan ƙanƙara yana bi ta ƙarƙashin takalman robarsu. Safiyar Lahadi ce. Da ƙyar mai rumfa ya bar wa Thuza yinin, sai da Daw Pyone ta ce za ta ɓare na mutum biyu.

Shekarar Thuza uku a garin amma harshen Thai bai zauna mata a baki ba, don babu abin da ya tilasta mata. A rumfa 'yan Bama ne, a kasuwa 'yan Bama ne, a layin ɗakunan haya ma haka. Mijinta Mek ɗan Thai ne, sai dai yawan ɗaukar ma'aikata a babur ya koya masa yaren Bama, karyayye mai ban dariya. Da shi ya neme ta, da shi suke faɗa, da shi suke shiryawa. Ranar Talata ya fita acaba kamar kullum, ya ce zai taho mata da mangwaro, bai dawo ba. Wayarsa a kashe tun ranar.

"Abu biyu ne, 'yata," in ji Daw Pyone. "Ko mota ta kwashe shi, ko ya gaji da ƙarnin jatan lande. Ni na ɗaura muku farin zaren aure a hannu, ba daɗi nake ji ba, amma zare ba takarda ba ne. Ki je ki gano ko kina da miji."

Thuza ta dubi ƙasa. Ba ta san wanne ta fi tsoro a cikin biyun ba, kuma rashin sanin ya ba ta kunya. Mek ya yi mata alkawarin zai kai ta ƙauyensu a bikin ruwa, ta zuba wa mahaifiyarsa ruwa a hannu kamar yadda surukai ke yi. Biki biyu sun wuce. Na farko ya ce tsohuwar ba ta da lafiya, na biyu ya ce 'yan sanda sun cika hanya.

Asibiti ta fara zuwa. Ta bi layi har gaban gilashi, ta haɗa hannu, ta faɗi kalmominta uku da murya ƙasa-ƙasa. Matar da ke ciki ta yi mata tambaya, ta sake yi, sannan ta ɗaga hannu ta kira tafinta, wata budurwa 'yar Bama mai farar riga.

"Tana tambayar sunansa, Yaya."

"Mek."

"Wannan ai sunan wasa ne. Na katin shaida take nufi, da sunan dangi."

Thuza ta sauke hannuwanta. Kowa a ƙasar nan da sunan wasa ake kiransa, daga mai shara har mai rumfa, ita kuwa ba ta taɓa tunanin akwai wani suna a ƙarƙashi ba. Ta san yadda yake minshari, ta san barkonon da yake so a miya, ta san tabon ƙunar salansa da ke ƙwaurinsa na dama mai kama da ganyen mangwaro. Shekara biyu suna kwana a tabarma ɗaya, ba ta san sunansa ba.

Tafintar ta tambaye ta me yake a wurinta. Ta faɗa. Wani mutum a bayanta ya yi tsaki don layin ya tsaya, kunnuwanta suka yi zafi kamar an ɗora musu garwashi. Yarinyar ta ja ta gefe ta zaunar da ita, ta tafi ta daɗe, ta dawo ta ce tun Talata ba a kawo wani ɗan acaba da ba a san danginsa ba, har ɗakin gawa ta leƙa. Ta rage murya ta ce kada Thuza ta damu da maganar suna, ita ma nata mijin sai ranar da za a rubuta takardar haihuwar ɗansu ta ji sunansa, har ta zaci wani mutum ake kira.

Daga nan ta nufi tashar 'yan acaba ta bakin kasuwa. Suna zaune ƙarƙashin rumfar kwano cikin falmaran ruwan lemo, biyu suna dara da murafen kwalba. Suna hango ta hira ta mutu. Ba ta ma buƙaci kalmominta ba, duk sun san ta, kuma yawancinsu suna jin yaren Bama kamar yadda Mek ke ji. Kafin wani ya yi magana idonta ya kai kan ƙusar da ke jikin ginshiƙi. Falmaran ɗinsa na rataye a wurin, da yagewar aljihun da ta ɗinke da baƙin zare.

Kawu Chuai, wanda ya fi su tsufa, ya ture mata benci. Ya ce ranar Talata wajen tsakar rana aka kira Mek a waya. Ya saurara, ya miƙe, ya cire falmaran ya rataye, ya hau babur ya tafi, ko taliyar da yake ci bai ƙarasa ba. Bai ce wa kowa uffan ba.

Ashe da ƙafarsa ya tafi. Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Thuza don yana raye, sai ɗayan abin ya biyo baya ya danne sanyin.

"Wataƙila babbar hedikwata ce ta kira," in ji wani mai ɗan kunne, yana murmushi, wai uwargida ce ta neme shi.

Kawu Chuai ya ɗauki hular kwano ya ƙwala masa a ƙeya ba tare da ya dube shi ba. "Kai da ko kaza ba ta taɓa jiran dawowarka ba, rufe mana baki." Ya juyo wurin Thuza. Ya ce gidan su Mek bai sani ba, amma akwai shekarar da babur ɗinsa ya lalace ya je ya ɗauko shi a wajen Ban Phaeo, bakin wani haikali da ke gefen rafi, kusa da gada mai doro. A irin wannan ƙauye kowa ya san kowa. Ya ɗauke ta a bayansa har tashar a-kori-kura, ya yi wa direba bayanin inda zai sauke ta. Da zai tafi ya nuna kumatunta.

"Goge garin nan, 'yar nan. Akwai shinge a hanya."

Ta sa hannun riga ta goge thanaka ɗin da ta shafa da safe, garin itacen da ake gane matan Bama da shi. Ba madubi, rabi ya fita rabi ya tsaya.

A shingen ɗan sandan ko leƙowa bai yi ba, yana can yana shan ruwan rake a inuwa. Motar ta wuce gonakin kwakwa da ƙananan rafuka, Thuza tana maƙure a ƙarshen benci tana maimaita kalmominta a zuci. Wannan ce hanyar da aka ce mata ba ta biyuwa.

Rana ta ɗan karkata lokacin da direba ya buga jikin mota ya nuna mata gada. Tun daga kan gadar ta ji kiɗa mai sanyi a lasifika. An kafa rumfuna a filin haikalin, kujerun roba cike da mutane cikin baƙi da fari, can baya kuma ga ɗakin ƙona gawa da dogon bututunsa. Jana'iza ake yi. Ta dubi rigar aikinta mai ruwan hoda da takalman roba, ta ji kamar ta koma. Tana nan tsaye wata doguwar mata da tawul a kafaɗa ta nufo ta, ana ta kiran matar ta ko'ina, Lamyai kaza, Lamyai kaza.

Thuza ta haɗa hannu. "Ma ha Mek."

Matar ta dubi kumatunta, ta dubi takalmanta, fuskarta ta saki. Ta yi ta zuba magana, Thuza ta tsinci kaɗan a ciki: Mek ne ya turo ki, madalla, sau ɗaya dai ya yi abin kirki, hannu ya yi mana kaɗan. Ta nuna babban zaure da haɓa ta ce yana can ciki, sannan ta ɗora mata faranti cike da kofunan ruwa a hannu, ta yafa mata wani baƙin gyale a kafaɗa don ya rufe ruwan hodar, ta wuce.

Thuza ta so ta ce ba aiki ta zo yi ba. Daw Pyone ba ta koya mata wannan ba, kuma ko da ta koya mata, ba ta jin bakinta zai iya. Amma yana nan. An ce yana can ciki. Ta shiga tsakanin kujeru tana miƙa ruwa, tana satar kallon fuskar kowane namiji. Ta gama zauren, ta fita rumfuna, ta leƙa wurin masu girki, ta dawo. Ta wuce ta gaban dandamalin da malaman haikali ke zaune cikin mayafansu na rawaya har sau biyu, kanta a sunkuye kamar yadda aka koya mata tun tana ƙarama. Babu Mek.

A zagaye na uku farantin ya kai ta kusa da akwatin gawa, fari mai adon zinariya, furanni sun kewaye shi. A gefensa an jingina babban hoto. Tsohuwa ce mai gajeren gashi, tana dariya, da wushirya a tsakiyar haƙora da kunnuwa masu fitowa waje kamar hannun tukunya. Thuza ta san wannan wushiryar. Ta san kunnuwan nan, ta sha jan ɗaya daga cikinsu in ya yi mata ƙarya a kan giya.

Ta durƙusa ta ajiye farantin a ƙasa don kada ya zube. Matar da ta yi shekara biyu tana jiran ranar gani ce a cikin akwatin nan, ita kuma tun ɗazu tana raba ruwa a jana'izarta ba ta sani ba.

Lamyai ta taɓa mata kafaɗa, ta sauya mata faranti, ta nuna ƙarshen dandamali inda sababbin shiga mayafi uku ke zaune, fatar kansu fara sol don yau aka aske su. Thuza ta je da gwiwa. Mace ba ta miƙa wa mai mayafi abu hannu da hannu, don haka ta jira na ƙarshen ya shimfiɗa ƙyallensa, ta ɗora kofi a kai. Sai ta yi tunanin mai mayafi ba zai yi mata dariya ba, kuma daga inda yake zaune yana ganin kowa. Ta haɗa hannu a goshi, idonta a ƙasa.

"Ma ha Mek."

Ƙyallen bai motsa ba, ba a ja kofin ba. Idonta yana kan tabarma, daga tabarma ya kai ga ƙafar da ta leƙo daga ƙarƙashin mayafi. A ƙwaurin akwai tabon ƙuna mai kama da ganyen mangwaro.

Ta ɗaga kai, abin da ba ta taɓa yi a gaban mai mayafi ba. Fuskar baƙuwa ce. Ba gashi, ba gashin baki, ba gira, goshin ya tafi sumul har ido kamar na jariri. A garinsu malamai suna aske kai amma suna barin gira, ba ta taɓa tunanin rashin gira zai iya sauya mutum haka ba. Kunnuwan ne kawai suka rage, su kuma sun ƙara fitowa. Sau biyu ta wuce ta gabansa, yana kallonta.

"Thuza," in ji shi, a hankali, da yaren Bama. "Yaya aka yi kika zo?"

Hannunta ya tafi da kansa. Ba ta san ko mari ya tafi yi ko riƙo ba. Ya ja jiki baya da sauri ya tattare mayafin, hannun ya tsaya a iska, ta mayar da shi cinyarta ta danne da ɗayan. Ta yi tunanin mota, ta yi tunanin wata mace, ba ta taɓa tunanin wannan ba. Wanda mota ta buge ana jinyarsa, wanda mace ta ɗauke ana iya zuwa a yi faɗa. Wanda ya ɗauki mayafi kuwa sai dai a durƙusa masa.

"Ka bar duniya ke nan," ta ce. Sai ta tuna da wa take magana, ta ƙara da, "ranka ya daɗe."

Ya girgiza kai. Ya ce ba na zama ba ne, na gaban wuta ne. A nan in za a ƙona uwa, ɗanta yakan aske ya ɗauki mayafi a ranar, don ta kama gefen mayafin ta hau zuwa wuri mai kyau. In wuta ta gama da yamma zai tuɓe. Ya ce ranar Talata yayarsa Lamyai ta kira ta ce Inna tana neman tafiya, ya iso ya tarar da saura numfashi kaɗan. Thuza ta tambaye shi wayarsa fa. Ya dubi kofin da ke kan ƙyalle.

Inuwa ta faɗo a kansu. Lamyai ce, ta ji sabon shiga yana yaren Bama da mai raba ruwa. Ta dubi ƙanenta, ta dubi Thuza da ke durƙushe, ta yi tambaya gajeriya. Thuza ta ji kalmominta biyu sun dawo mata daga bakin wata: wa kika zo nema?

Mutanen layin gaba sun daina fifita. Thuza ta dubi farantinta. Tana iya cewa Mek, a ce ai ga shi, ta ɗauki farantinta ta koma cikin masu aiki, ba wanda zai sani. Ta dubi hoton tsohuwar. Sannan ta ɗauko kalmar da aka ce ta ajiye sai ta kama dole.

"Na zo neman mijina."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma ta isa layi na uku. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Lamyai ta tsaya kamar an dasa ta, tawul ɗin ya zame daga kafaɗarta bai dame ta ba. Ta buɗe baki za ta yi ihu, sai ta tuna mayafi. Dole ta durƙusa a gaban ƙanen da ta goya, ta haɗa hannu a ƙirji, ta yi maganar ta tsakanin haƙora.

"Kriangkrai."

Thuza ta waiga ta ga wa ake kira. Babu kowa a bayanta. Sai ta ga Mek ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ƙanena," in ji Lamyai. "Da safen nan ka ɗauki alkawura a gaban babban malami, har da na barin ƙarya. Ga Inna nan kwance, da gefen mayafinka za ta hau. Ka yi ƙarya a cikinsa ka ga abin da za ta kama. Wace ce wannan?"

Thuza ba ta ji duka ba, amma ta ji ƙarya, ta ji Inna, sauran kuma ta san shi tun daga gida, don alkawuran ɗaya ne a kowace ƙasa. Mek ya ɗago kai. Ya dubi akwatin ya daɗe.

"Gaskiya ta faɗa. Matata ce. Shekara biyu ke nan."

Ya faɗa da Thai, ya sake faɗa da yaren Bama ba tare da an ce ya yi ba. Zauren ya ɗauki ƙus-ƙus daga gaba har baya. Lamyai ta rufe fuska da hannu biyu, ta yi wata doguwar magana a cikin tafukanta, muryarta tana karyewa.

"Me ta ce?" in ji Thuza.

Ya kau da kai.

"Me ta ce, ranka ya daɗe?"

Ya fassara, kalma bayan kalma, kamar mai cire ƙaya daga ƙafarsa. Ta ce har makon jiya Inna tana tambaya wa ke dafa masa abinci a Mahachai, wa zai ba shi ruwa in zazzaɓi ya kama shi. Ta tafi da baƙin cikin ta bar autanta ba kowa. Ya ƙara da nasa, ya ce tsoro ya ji, don Inna ta sha faɗin maganganu a kan 'yan Bama. Da ya maimaita wannan da Thai, Lamyai ta sauke hannu ta ce Inna ai ta faɗi maganganu a kan kowa, har mutanen tsallaken rafi, kuma duk wanda ta zaga sai ta cika masa kwano.

Thuza ta ji wani abu ya daidaita a cikinta, mai sanyi. Shekara biyu tana tambayar mutumin nan yana amsa mata da wasa, da mangwaro, da gobe. Yau ba zai iya ba.

"Da ba ta mutu ba, da ka kawo ni bikin ruwa mai zuwa?"

"A'a."

"Da ban zo ba, da ka koma Mahachai?"

"Da na koma. Gobe."

"Ka ce mini me?"

Ya shafi inda girarsa take a da. "In ce miki na kai wani fasinja nesa, babur ya lalace, waya ta faɗa ruwa."

Har ya riga ya shirya ƙaryar. Ta san kuma da ta yarda, da ta dafa masa shinkafa ta tambaye shi me ya sami girarsa, ya ba ta wani labarin.

Aka buga ƙararrawa. Mutane suka miƙe, maza suka ɗaga akwatin suka ɗora a keken gawa. Sababbin shiga suka wuce gaba riƙe da farin zare da aka ɗaura a jikin akwatin, dangi suka biyo baya. Thuza ta ja gefe wajen kofuna. Lamyai ta zo wucewa da hoton a rungume, ta tsaya, ta dubi takalman robar, ta dubi sauran garin da ke kumatunta. Ba ta yi murmushi ba. Ta gyara mata baƙin gyalen ya rufe rigar sosai, ta kama wuyan hannunta ta ɗora a kan zaren, tsakaninta da wata goggo.

Suka zagaya ɗakin ƙonawa, suka hau matakala. A sama aka buɗe akwatin don dangi su yi kallon ƙarshe. Mai kula da gawa ya sare kan ɗanyar kwakwa da adda, ya miƙa wa Lamyai. Ta zuba kaɗan a fuskar mahaifiyarta, ta miƙa wa goggon, goggon ta zuba. Sai kwakwar ta tsaya a gaban Thuza. Ta dubi Lamyai don ta tabbata. Lamyai ta nuna akwatin da haɓa, kamar yadda ta nuna mata zaure ɗazu.

Fuskar ƙarama ce, ta fi ta hoton ƙanƙanta, bakin a rufe, ba a ganin wushiryar. Thuza ta karkata kwakwar da hannu biyu. Ruwan ya bi goshin ya gangara ta bayan kunne. A hannu ta so ta zuba shi, da rai, da sabon zane a jikinta, amma ta zuba. Ta sunkuya ta ce da yaren Bama, yadda ba wanda zai ji, "Ni ke dafa masa, Inna. Yana ci sosai."

Da hayaƙi ya fara fita daga bututun mutane suka soma watsewa, ana tattara kujeru. Mek yana tsaye can gindin bishiya tare da sauran masu mayafi, yana satar kallonta ba ya iya matsowa. Lamyai ta zo ta zauna kusa da Thuza a kan matakala, ta miƙa mata kofin ruwa, ta tambayi sunanta. Ta gwada faɗa sau biyu bai fito daidai ba. Sannan ta yi mata magana a hankali, da hannu da baki, yadda za ta gane: ta jira kaɗan, yanzu zai je wurin babban malami ya tuɓe mayafi, su ci abinci, ya mayar da ita gida a babur.

Thuza ta juya kofin a hannunta. Ta tattaro 'yan kalmomin kasuwa da take da su, ta nuna mayafin daga nesa, ta tambaya kwana nawa mutum ke iya zama a ciki. Lamyai ta ɗaga kafaɗa. Ta ce wani yini ɗaya, wani mako, wani damina guda, ya danganta da mutum da abin da iyalinsa suka yarda.

"Iyali," in ji Thuza, ta nuna ƙirjinta.

"Iyali," in ji Lamyai.

Thuza ta shanye ruwan, ta ajiye kofin a kan matakala.

"Yaya, ki ce masa kada ya yi sauri. Tambaya tana da yawa."

Lamyai ta dube ta. Dariya ta kuɓuce mata, gajeriya, ta yi maza ta toshe baki da hannu ta dubi hayaƙin. Sannan ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta nufi gindin bishiyar tana haɗa hannu tun daga nesa.